Iskoki a Fagen Wasa: Ƙasar Gwandu da Darasin Allolin Silabawa

Gabatarwa

Ɗaliban Hausa da yawa sun karanta littafin Ahmadu Ingawa, Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya fito a farkon shekarun 1950, ba tare da sun san cewa daga ƙasar Rasha tushen labarin yake ba. Iliya shi ne Iliya Muromets na waƙoƙin jaruntakar Rashawa, birnin Kib shi ne Kiyef, Sarki Waldima kuwa shi ne Baladimir. Marubucin ya ɗauko gwarzon wata al'umma, ya sa masa riga da rawani, ya ɗora shi bisa Ƙwalele, har ya zama ɗan gida. Ke nan hikayoyin Silabawa, watau dangin ƙabilun da suka haɗa da Rashawa da mutanen Yukren da Folan da Sabiya da Bulgeriya, ba yau suka fara shigowa adabin Hausa ba.

Abin da ya sa aka tuno da su shi ne wani aiki mai kama da na Ingawa da ake yi a ƙasashensu. Masu ƙera wasannin kwamfuta sun tono abubuwan da kakannin Silabawa suka bauta wa kafin zuwan addinin Kirista, sun sake musu kama, sun zuba su cikin abin da za a kira wasan ƙage. Wasan ƙage shi ne wanda ake ƙirƙiro wata duniya sukutum, da ƙasashenta da sarakunanta da dodanninta, mai wasa ya shiga cikinta a matsayin jarumi ko mai mulki, ya yi yaƙi, ya nemi taimakon wani abin bauta, ya ci ko a cinye shi. Tun da wayar hannu ta kai irin waɗannan wasanni har ɗakunan kwanan ɗalibai a Kalgo da Aliero, ba da daɗewa ba wani zai ce me zai hana a yi wa iskokin Hausawa haka. Manufar wannan maƙala ita ce a duba abin da irin wannan aiki ya yi wa allolin Silabawa, sa'an nan a auna shi da halin iskoki, a ga abin da zai shiga cikin wasa lafiya da abin da zai karye a bakin ƙofa. An ɗauki ƙasar Gwandu ta zama fagen misali, domin a can al'adun Kabawa da na makwabtansu Zabarmawa da koyarwar masu jihadi suka haɗu a kwari guda.

Abin da aka sani game da allolin Silabawa

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne ƙarancin shaida. Silabawan da suka yi wannan bauta ba su bar rubutu ba. Kusan duk abin da aka sani ya fito ne daga alƙalamin malaman Kirista waɗanda suka zo rushe ta. Littafin tarihin Kiyef na farko, wanda aka harhaɗa a wajen shekarar 1113, ya ce a shekarar 980 Sarki Baladimir ya kafa gumaka shida bisa wani tudu kusa da fadarsa: Perun, wanda aka sassaƙa da itace aka yi masa kan azurfa da gashin baki na zinariya, sai Hors da Dazbog da Sitribog da Simargil da Mokosh. Bayan shekara takwas, a 988, sarkin ya karɓi addinin Kirista, ya sa aka ɗaure gunkin Perun a wutsiyar doki, aka ja shi ana dukansa da sanduna, aka jefa shi kogin Dinifa. Wani abin bautar mai suna Beles, wanda aka kira ubangijin dabbobi, ba ya cikin shidan nan. An same shi ne a cikin rantsuwar da aka yi wajen ƙulla yarjejeniya da Rumawa. A can yamma kuma, a tsibirin Rugen, akwai gunkin Sibantebit mai kai huɗu, wanda sarkin Denmak ya rushe a 1168.

Idan an cire ɗan abin da aka tsinta daga waƙoƙin manoma da sunayen wurare, to kusan jarin ke nan: sunaye, da 'yan siffofi. Babu wani cikakken labari da ya nuna wane ne ya haifi wane, ko me ya haɗa wannan da wancan. Shahararren labarin nan na gabar Perun mai aradu da Beles mai siffar maciji, wanda yau ake ba da shi kamar an gada daga kaka da kakanni, masana biyu ne na Rasha, Ivanov da Toporov, suka gina shi a wani littafi na 1974, ta hanyar kwatanta tatsuniyoyi da al'adun makwabta.

Inda shaida ta yi ƙaranci, hasashe kan cike gurbi. Wani limamin Kirista Bajamushe mai suna Helmold ya rubuta a wajen 1170 cewa wasu Silabawa na da wani abin tsoro da suke kira Carnobog, ma'ana baƙin ubangiji. Ambato guda ke nan a littafi guda. Amma marubutan ƙarni na 16 suka ga cewa in akwai baƙi tilas a sami fari, sai Belobog, farin ubangiji, ya bayyana a takarda, alhali babu wata tsohuwar shaida da ta nuna an taɓa bauta masa. Haka kuma akwai Lada, wadda ake cewa ita ce mai kula da soyayya. Masana da yawa na ganin cewa asalinta kalmar amshi ce a waƙoƙin biki, wadda malaman coci suka ji suka zaci suna ne. Misalinsa kamar baƙo ya tsaya a dandali ya ji 'yan mata na ta maimaita nanaye, ya koma gida ya rubuta cewa Hausawa na da wata abar bauta Nanaye.

Abin da wasa ke bukata

Wasa ba ya tafiya sai da ƙa'ida. Mai dara ya san gurbi nawa ne, ya san abin da ake kira ci. Haka wasan ƙage yake: kowane abin da ke cikinsa tilas a san ƙarfinsa da aikinsa da ɓangaren da yake. Tun daga wasan Dungeons & Dragons na Amurka, wanda ya fito a 1974, aka ɗora wannan tubali; a 1980 masu shi suka buga wani littafi da ya jera allolin Girkawa da Misirawa da sauransu, kowane da lambar da ke nuna yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi. Da aka zo kan Silabawa sai aka bi wannan sawu. Wasan The Witcher na ƙasar Folan, wanda aka gina a kan labaran Andrzej Sapkowski, ya cika dazuzzukansa da dodannin tatsuniyoyin ƙauye, kashi na uku da ya fito a 2015 kuwa ya sayar da fiye da kwafi miliyan 50 ya zuwa 2023. A wasan Thea: The Awakening, shi ma na 2015, mai wasa kan zaɓi abin bauta guda, kamar Beles ko Mokosh, ya ja ragamar jama'arsa. Shi kuwa Carnobog, wanda Helmold bai faɗi ko kamanninsa ba, kamfanin Disney ya riga ya ba shi fukafukai da ƙahoni a wani fim na 1940, wasan Smite kuma ya shigo da shi a 2018 a matsayin sarkin duhu.

A duk waɗannan ana yin abu iri ɗaya. Ana tara sunayen da suka fito daga wurare masu nisa da zamani daban-daban a mai da su 'yan gida ɗaya, a ba kowa hurumi guda, wannan na aradu, wannan na mutuwa, wancan na noma, a kuma raba su gida biyu, na kirki da miyagu. Ta fuskar fasaha babu laifi a wannan. Ƙage ƙage ne, Ingawa ma bai nemi izinin kowa ba. Illar tana zuwa ne daga baya, sa'ad da tsararren jerin da aka yi don wasa ya bazu, ya fi rubutun masana yawa da sauƙin samu, har ɗalibi ya ɗauke shi a matsayin al'adar gargajiya. Masu ƙera wasan Silabawa sun sami wannan sarari ne saboda bautar ta mutu tun ƙarnoni da dama, gurbin kuma a buɗe yake. Inda abin bautar ke da masu shi a raye, lamarin kan canza: a 2012 wasu shugabannin mabiya addinin Hindu sun yi ƙorafi a kan yadda wasan Smite ya sa abubuwan bautarsu, musamman Kali, a hannun masu wasa.

Kwarin gulbin Kabi da abin da ya gada

Garin Gwandu, a yadda ake ba da labari, ya samo sunansa ne daga gandu, watau gonar sarauta ta zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Sanwai a wajen 1516 ya kafa Surame. Jama'ar wannan kwari masunta ne da manoman fadama, don haka ba abin mamaki ba ne da mafi yawan tsofaffin al'adunsu suka rataya a kan ruwa. P. G. Harris ya yi rubutu a kan masuntan Kabi a 1942, kuma har yau ana tuna bukukuwan gyaran ruwa da fashin ruwa da gyaran gari da shan kabewa, waɗanda asalinsu neman sulhu ne da mazauna ruwa da na gari kafin a shiga su ko a ci amfanin gona. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, daga waɗannan ya tsiro. Shi kansa misali ne na yadda ake cire tsafi daga al'ada a bar gasa da kallo.

Ta yamma da kudu kuwa ƙasar ta jingina da Arewa da Dandi da Zabarma, kuma ta kogin Kwara Sarkawa suka shigo da nasu sanin. A wajen Zabarmawa akwai Harakoi Dikko, uwar ruwa, da Dongo mai aradu, wanda makaminsa gatari ne, kamar dai yadda ake siffanta Perun. Hausawa ma na kiran wani sassaƙaƙƙen dutse da ake tsinta a gona gatarin aradu. To a nan ga tarko na farko. Mai ƙera wasa da ya saba da tsarin Turai zai fara da neman ubangijin aradu na Hausawa, domin a ganinsa kowace al'umma tilas ta sami nata. In bai samu ba sai ya jawo Dongo ya naɗa shi, ko ya ɗauko Gajimari, wanda aikinsa a wajen Maguzawa shanye ruwan sama ne, ya danƙa masa tsawa. Da haka ake haifar Belobog.

Akwai wani abin lura a gefe. A garin Gwandu ne, a 1853, zamanin Sarki Halilu, matafiyin nan Heinrich Barth ya sami kwafin Tarihus Sudan na Abdurrahman Assa'adi, ya kwafi abin da ya iya. A cikin littafin akwai labarin wani kifi mai zobe a hanci da mutanen Kukiya ke bauta wa, har wani baƙo daga Yaman ya soke shi ya zama sarki. Mai karatu zai tuna Bayajida da macijin Kusugu. Abin bautar dā yana shiga littafin malamai ne a ranar da aka kashe shi, kamar Perun a Kiyef, kamar Tsumburbura a Tarihin Kano.

Sai jihadi. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, a shekarar kuma Shehu Usmanu ya koma Gwandu da jama'arsa, aka sha wuya a Alwasa, aka tsare garin daga harin da ya biyo baya. Bayan rabon mulki na 1812 yammacin daula ya zama a hannun Abdullahi, Gwandu ta zama cibiyarsa, a can kuma ya rasu a 1829. A littafinsa Nurul Albabi Shehu ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku: Musulmi na sosai, da masu gauraya Musulunci da ayyukan kafirci, da waɗanda ba su shiga Musulunci ba sam. Daga cikin alamomin masu gaurayawa akwai girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka. Wannan batu ne ma ya zama ƙashin bayan muhawarar Muhammadu Bello da Shehu Al-Kanemi na Barno, wadda ke cikin Infaƙul Maisuri. Abin da ya dami waɗannan malamai shi ne hukuncin aikin, jera sunayen waɗanda ake yi wa yankan bai zama bukatarsu ba. Amma fa ba su ce babu halittar ɓoye ba. Alƙur'ani ya tabbatar da aljannu, da Musulminsu da kafiransu, saboda haka iskoki suka sami gurbin zama a cikin sabon tsari: an hana bauta musu, ba a kore samuwarsu ba. Nan ne hanyar Hausawa ta rabu da ta Silabawa. Perun ya nutse a kogi, Annabi Ilyasu ya gaji aradunsa a zukatan manoman Rasha. Sarkin Rafi kuwa yana nan da sunansa.

Ta ɓangaren mata, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke kai karatu ƙauyuka. Jean Boyd ta nuna cewa malfar da ake naɗa wa jaji tana cikin kayan sarautar Innar Gobir, shugabar bori ta Alƙalawa. An ɗauki alamar, an sauya mata aiki.

Su wane ne iskoki?

Sabanin Silabawa, a nan shaida tana da yawa, kuma daga bakin masu abin aka ɗauko ta. Tremearne ya buga nasa binciken a 1914, Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, A. V. King ya tattara kirarin bori a Katsina a shekarun 1960, Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas sun yi aiki a Maraɗi, Fremont Besmer ya buga nasa a kan Kano a 1983, Adeline Masquelier kuma a kan Dogon Dutsi a 2001. Ga kuma ɗimbin kundayen digiri a Zariya da Kano da Sakkwato, da ayyukan masana irin su Aliyu Muhammad Bunza, wanda ɗan wannan yanki ne.

Abin da ya fi jan hankalin mai neman kayan wasa a cikin waɗannan shi ne birnin Jangare. Besmer ya kawo shi a matsayin birnin iskoki mai zaure goma sha biyu, da Sarkin Aljan Sulemanu a bisa gadon sarauta, da fadawa da malamai da barade da makaɗa da mahauta da kutare da Filani da arna, kowane gida da shugabansa, da auratayya da riƙon 'ya'ya a tsakaninsu. Wanda ya ga wannan zai ce ai an gama masa aiki. Sai dai wannan taswirar 'yan borin Kano ce, a wani ƙayyadadden lokaci. A Maraɗi da Arewa rabon dangogin iskoki daban ne, kuma can akwai iskokin Zabarmawa da ba su da wannan matsayi a Kano. Ɗaukar zauruka goma sha biyu a ce su ne tsarin iskokin Hausawa duka daidai yake da ɗaukar gumakan Baladimir shida a ɗora wa mutanen Rugen. Daɗin daɗawa, ƙofar birnin ba a rufe take ba. Malam Alhaji da carbinsa shaida ne cewa Musulunci ya shiga; a wajen 1925 kuma, a yankin Filinge, aka ga bayyanar iskokin Hauka ko Babule, masu kwaikwayon gwamna da kwamanda da likita na Turawan mulki, waɗanda Jean Rouch ya ɗauka a fim ɗinsa na 1955. Jangare madubi ne na garin Hausa, duk baƙon da ya daɗe a gari sai a ga inuwarsa a ciki.

Tarko na biyu shi ne kalmar alloli. A jere-jeren da ke yawo a intanet akan ga an kira Inna ko Kure allolin Hausawa, kuma wannan fassara ce da ba ta zauna ba. Greenberg ya tarar cewa Maguzawa kansu sun yarda Allah ne mahalicci, yana can nesa, iskoki kuwa a ƙarƙashinsa suke, su ake yi wa yanka domin su ne ke kusa, su ne ke taɓa mutum. Ɗan borin birni kuma Musulmi yake kiran kansa, a wurinsa iskoki aljannu ne. Saboda haka wasan da ya naɗa su alloli ya saɓa wa mai bori, ya kuma tsokano malami, a ƙasar da ke ɗauke da kabarin Abdullahin Gwandu, a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000.

Tarko na uku ya fi sauran zurfi, kuma shi ne ya fi kama da labarin Carnobog. Hausawa na raba iskoki zuwa farare da baƙaƙe. Idon da ya saba da wasan ƙage zai karanta wannan nan take: farare su ne na kirki, baƙaƙe su ne miyagu, ga runduna biyu a ja daga. Amma abin da rabon ke nufi shi ne farare Musulmi ne mazauna gari, baƙaƙe arna ne mazauna daji. Ta wajen cutarwa kuwa babu wanda hannunsa ke da tsabta. Malam Alhaji fari ne, dattijo, masani, amma tari yake sa wa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne, kyakkyawa, mai kyauta, amma wanda ya kama sai ya watsar da dukiyarsa a caca da ado da yawon banza. Kuturu na sa kuturta, Sarkin Rafi na sa hauka, Inna na shanye hannu ko ƙafa. Kuma wanda ya sa cutar, a imanin masu bori, shi ne mai maganinta. Ba a kashe iska, ba a cin ta da yaƙi. Girka, watau zaman jinyar da ake yi wa wanda iska ta taɓa, ƙulla zumunci ne na har abada: a gano wanda ya kama shi, a san dabbar da yake so da launinta, a tanadi tsere da tufafinsa, daga nan majinyaci ya zama doki ko goɗiya, in an kaɗa garaya ko goge an yi kirari iska ta hau, in ta gama ta sauka da atishawa.

A lura da wannan kalma ta doki. A wasan kwamfuta mai wasa ne ke riƙe da linzami, shi ke juya abin bautar, ya tura shi gabas ko yamma. A bori mutum ne abin hawa. Duk wasan da ya sa ɗan wasa ya zaɓi Sarkin Rafi ya kai shi yaƙi ya kifar da ma'anar ƙasa a sama, ko da ya sami sunan daidai da launin rigar daidai.

Yadda marubuta suka bi da lamarin

Marubutan ƙagaggun labarai na Hausa sun daɗe da gane wannan wuri mai santsi, suka kewaye shi. A cikin littattafan gasar 1933, Ganɗoki na Bello Kagara ya tafi ƙasar aljannu bayan yaƙi da Turawa, Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ma ya yi hulɗa da su, amma aljannun nan na Dare Dubu da Ɗaya ne, masu ɗaukar mutum su tashi sama, ba a kaɗa musu garaya. Haka littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda su ne mafi kusa da wasan ƙage a adabinmu: cike suke da matsafa da sadaukai da aljannu masu sunaye irin na gabas, a birane na can wata duniya. Marubucin ya fi sakewa da aljanin da ba a san gidansu ba. Dalili kuwa a fili yake: aljanin hikaya ba ya da goɗiya a unguwa, ba wanda zai ce an ci mutuncin uwar gidansa, ba kuma wanda zai ce ana raya tsafi.

Wannan dabara tana nan ga mai ƙera wasa, kuma ita ce mafi sauƙi. Kanta da ganuwar Surame, da jiragen Sarkawa, da Dodo da Gizo da Ƙoƙi na tatsuniya, duk kaya ne da za a iya sarrafawa ba tare da an taka kowa ba, domin tatsuniya tun asali ta amsa sunanta na ƙarya. Wanda kuma ya nace sai ya taɓa iskoki, to abin da ya fi dacewa da halinsu shi ne wasan bincike da sasantawa, inda ɗan wasa zai tarar da gari cikin annoba, ya bi alamu ya gano wa aka saɓa wa, a wace tsamiya ko wane gurbin ruwa, me kuma zai biya. Wasan Black Book na Rasha, na 2021, ya ɗan bi wannan hanya, domin ya dogara ne da abin da masana suka tattara daga bakin ƙauyawan yankin Perm. Ko a hakan tilas mai aikin ya bayyana a fili wane suna ya ɗauko daga Kano, wane daga Arewa, wane kuma ya ƙaga da kansa.

Nauyin da ya rage na malaman jami'a ne. Bori ya ja baya ƙwarai a garuruwan wannan yanki, tun daga shekarun 1990 kuma ruƙiyya ta karɓe mafi yawan aikin da girka ke yi, tsofaffin masu garaya da suka haddace kirari suna ta ƙarewa. Mafi yawan abin da aka buga a kan iskoki daga Kano da Katsina da Maraɗi da Dogon Dutsi ya fito. Idan tsararren jeri na wasa ya riga sahihin rubutu isa hannun ɗalibin da ke Jami'ar Tarayya a Kalgo, shi zai ɗauka ya sa a kundinsa, wani ya kwafa daga gare shi, bayan shekara ashirin a rasa mai iya cewa ga inda aka ƙara gishiri. Hanyar tantancewa kuwa tana nan a cikin harshe, domin iskoki sun bar sawu a maganar yau da kullum: bugun iska, da borin kunya, da hawan bori, da ɗan iska. Ma'aikatan lafiya da suka bi gida gida a Gwandu da Kalgo suna ɗiga wa yara maganin rigakafi, har aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Nijeriya, da sunan shan-inna suka kira cutar, a bakinsu da kuma a takardun da suka manna a bangon asibiti.